Sukur: in an ce wuri na ƙarƙashin kariya, me ya shafe ka?

A shirin makon jiya wani bawan Allah ya bugo mana waya daga wajen Mokolo, ya ce shi fa bai gane ba: in gwamnati ta ce ta kare tsofaffin gine-ginen wani gari, korar mutane ake yi kamar yadda aka yi a dajin Waza, ko kuwa yaya? Tambayar ta yi kyau, shi ya sa muka ɗauko misali na kusa da mu, wato Sukur.

Sukur na cikin ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, a kan duwatsun Mandara, dab da iyakar Najeriya da Kamaru. A 1999 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne na farko da Najeriya ta samu. To amsarka ke nan, malam: ba a kori kowa ba. Mutanen Sukur na nan a gidajensu, suna noma, suna kiwo, sarkinsu da ake kira Hidi yana nan. Dajin Waza namun daji ake tsarewa. A Sukur kuwa aikin hannun mutane ake tsarewa, kuma in masu aikin suka watse, wa zai riƙe shi?

Bari ka ji abin da ke wurin. Akwai fadar Hidi, da katangunta da ƙofofinta na dutse. Akwai hanyoyin da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu tun daga gindin tsauni har sama. Akwai gonaki hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da 'yar katangar da ke tare ƙasa kada ruwa ya tafi da ita. Akwai rumbuna, da wuraren da ake narka tama a da, domin Sukur ta yi suna da ƙarfe, fatake kan hau su sayo su kai wa maƙera a ƙasashen da ke kewaye. Kai makiyayi, ga wanda zai burge ka: suna gina wa bijimi ɗaki zagayayye, rabinsa a cikin ƙasa, a turke shi a ciki ana kai masa ci da sha har ya yi ƙiba. Irin wannan sa ba ƙaramin abin alfahari ba ne a wurinsu, har a sha'anin aure.

Abin lura a nan shi ne yawancin katangun nan ba siminti a cikinsu. Dutse ne aka ɗora kan dutse, nauyi da iya jeri ne kawai ke riƙe da su. Ka san kuwa saniya ba ta tambayar hanya. Garke ya bi ta kan katangar gona sau ɗaya, kofato ya ture duwatsu biyu uku, kai ba ka ma lura ba. Damina na zuwa ruwa ya samu kafa, ya kwashe ƙasar wannan hawa ya zuba wa na ƙasa, shi ma ya ɓalle. Ƙasar da kakannin mutum suka tara da hannu sai ta tafi a dare ɗaya. Nan fa rigimar ta wuce ta ɓarnar dawa da za a sasanta a gaban mai unguwa, don wurin yana hannun hukumar kula da kayan tarihi ta Najeriya, kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar ta haramta lalata irin waɗannan wurare. Saboda haka, Ardo, kafin yara su kora shanu ta wannan shiyya, a aika a tambayi mutanen gari inda burtali da mashaya suke.

Sai ku 'yan kasuwa, kuma naku ya fi ba ni tsoro. Wani zai tare ka a tasha da ƙunshi, ya ce tsohuwar tukunya ce, ko wani guntun ƙarfe, ko sassaƙaƙƙen dutse, ka miƙa wa wane a ƙetare, ga ladanka. Kuɗin ma ya fi na buhun wake. Alhaji, kada ka karɓa. Dokar nan ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ga wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su daga ƙasa ba tare da takardar hukumar ba. In kwastan suka buɗe kaya, a hannunka aka gani, mai ƙunshin kuwa ya daɗe da kashe waya. Kuma abin da kake gani tarkace, wataƙila daga kan kabari ko wurin ibadar wasu aka ɗauko shi.

Ni dai a ganina, akwai inda hukumomi suka gaza. Suna a takarda ba ya tare harsashi. A ƙarshen 2014 'yan Boko Haram sun hau Sukur, suka ƙona gidaje, fadar Hidi ma ba ta tsira ba. Mutanen da suka dawo suka sake jera duwatsunsu su ne dai waɗanda ake ce wa kada su canza fasalin gini. In za a ce wa talaka ya haƙura da bulo da kwano, ya kamata ya ga hanya mai kyau, da asibiti, da tsaro. Wannan magana za mu kai ta gaban masu ruwa da tsaki a wani shirin.

Wanda ya bugo daga Mokolo ya kuma tambaya ko baƙo na iya hawa ya gani. Ana hawa, amma da ƙafa, kuma tafiyar ba ta raggo ba ce. Ka fara jin labarin tsaron hanya daga mutanen Madagali, ka ɗauki ruwan sha, in ka isa ka nemi iso wurin Hidi kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoto.