HUNTURU YA SHIGO: HATTARA DA HANYA

Ga hunturu ya sake zagayowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska na kwaso ƙurar hamada ta zuba mana, gari ya yi fari fat, wani lokaci tun daga Bawku har Salaga ba a ganin rana sosai. Kuma daidai lokacin ne kasuwar Kumasi da ta Tulaku a Ashaiman ke neman shanu saboda Kirsimeti da sabuwar shekara, kowa na hanzarin ya riga wani sauke kaya.

To a nan gizo ke saƙa. Direba yana da sitiyari, amma gudun mota sau da yawa daga bakin mai kaya yake fitowa. In mai shanu ya ce lalle sai a wayi gari a Kumasi, direba zai taka, ko yana ganin gabansa ko ba ya gani.

Kowace hanya da halinta. Mai tasowa daga Bawku ta Garu zai gamu da dutsen Nakpanduri, hawa da kwana-kwana, kafin ya miƙe zuwa Gushegu da Yendi. Tirela mai cike da shanu ba ta son wasa a wurin. Mai saukowa ya sa babbar giya tun daga sama, kada ya dogara da burki kaɗai, don in ya yi zafi sai ya ƙi kamawa. Inda babu kwalta kuwa, ƙurar motar gaba ta haɗu da hazo, sai a bar rata mai yawa, kuma kada a ce za a wuce ta cikin ƙura. Masu bin Salaga zuwa Makango don tsallakawa Yeji, gara a kwana a bakin ruwa da a yi tseren cim ma jirgin fito. Ga kuma hayaƙin ƙunar daji, wanda kan rufe hanya farat ɗaya.

A cikin hazo gajeriyar fitila ake kunnawa. Doguwa tana dukan ƙura ne ta dawo idon direba. A wanke gilashi da fitilu a kowane zango, a kakkaɓe matatar iskar inji, a duba batir da taya tun kafin a yi lodi. In mota ta lalace, a kauce daga kan titi, a sa alama da ganye can nesa, gaba da baya. Lambar neman agaji a Gana ita ce 112.

Sanyin asuba shi ma maƙiyi ne, yana kawo gyangyaɗi. Goro da shayi ba sa biyan bashin barci, balle ƙwaya. Kada a shiga da kaskon gawayi cikin mota a rufe gilashi, hayaƙinsa ba ya wari, kisa yake yi cikin barci. Haka hura wuta a ƙarƙashin tanki wai don inji ya tashi, ganganci ne.

Mu tuna da yaran da ke saman mota suna tsaron shanu. Su iska ke duka dare farai, hannu ya sandare, riƙo ya yi rauni. A ba su bargo da rigar sanyi. Dabbobin ma a zuba musu yashi a ƙasa, kada a cunkusa su, domin burki ɗaya na ba-zata ya isa ya kayar da sa, sauran su tattake shi.

Mun san abin da ya faru kusa da Kintampo a Fabrairun 2016, inda bas ta yi karo da motar tumatir da dare, mutum fiye da hamsin suka rasu. Hanyar da muke bi ke nan.

Kasuwar da ta wuce, wata na zuwa. Mu ce wa direbobinmu in hanya ta rufe su tsaya, asarar kwana ɗaya a wuyanmu take. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.