Abin da ya kamata ku sani: noma da kiwo a shari'ar tsibirin kan iyaka

A ƙauyukanmu, idan rigimar gona ta kai gaban dagaci ko alƙali, tambayoyin sanannu ne: wa ya sare dajin, wa ke noma ta, shanun wa ke cin karanta bayan girbi? Mai shaidu a kan waɗannan ya kama hanyar nasara. Shi ya sa mutane da yawa ke ɗauka haka abin yake tsakanin ƙasa da ƙasa. Shari'ar wani ƙaramin tsibiri a kudancin Afirka ta nuna ba haka ba ne.

Tsibirin yana cikin kogin Chobe, tsakanin Namibiya da Botswana. 'Yan Namibiya na ce masa Kasikili, 'yan Botswana kuma Sedudu. Girmansa bai wuce murabba'in kilomita uku da rabi ba, kuma duk shekara ruwa kan shanye shi na wasu watanni. Kogin na rabuwa biyu a kewayensa, reshe ɗaya ta arewa, ɗaya ta kudu. Yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1890 ta ce iyaka ta bi tsakiyar babban reshen kogin, amma ba ta faɗi wanne ba ne. In na arewa ne babba, tsibirin na Botswana ne. In na kudu ne, na Namibiya. A 1996 ƙasashen biyu suka kai maganar Kotun Duniya da ke Hague.

Ɗaya daga cikin manyan hujjojin Namibiya mutane ne: ƙabilar Masubia ta yankin Caprivi, wanda yanzu ake kira Zambezi. Ruwa na janyewa sai su haye su yi shuka, su kawo dabbobi kiwo, shekara da shekaru. Har wani rahoto da jami'an Turawan ɓangarorin biyu suka rubuta tare a 1948 ya tabbatar da cewa mutanen Caprivi na noma tsibirin tun 1907, ba wanda ya hana su. Namibiya ta ce wannan dogon amfani, da shirun ɗaya ɓangaren, ya isa ya zama mallaka.

Kotu ba ta ƙaryata noman ba, kuma wannan shi ne wurin da ya kamata a lura. Ta yarda Masubia sun yi noma, ta yarda sun daɗe suna yi. Abin da ta tambaya shi ne: da sunan wa suka yi? Ta gano cewa suna zuwa ne gwargwadon yanayin shekara da bukatar abincinsu, kuma sun fara tun kafin Turawa su kafa mulki a Caprivi. Ba gwamnati ce ta tura su don su riƙe mata ƙasa ba. Hukumomin gefen Botswana kuwa sun ƙyale su ne saboda a Afirka ba baƙon abu ba ne mutanen kan iyaka su tsallaka noma da kiwo ba tare da kowa ya tada jijiyar wuya ba. Ƙyalewa irin ta maƙwabtaka ba sallamawa ba ce. Ranar 13 ga Disamba 1999, da ƙuri'a 11 a kan 4, kotu ta ce reshen arewa ne babba, tsibirin na Botswana ne.

Ni a ganina hukuncin yana da hikima, ko da yake yana da ɗaci. Da kotu ta ce duk inda mutanen wata ƙasa suka yi noma ya zama nata, da kowace gwamnati ta wayi gari tana korar manoma da makiyayan maƙwabta daga bakin ruwa, don gudun kada gobe a kafa hujja da su. Talakan da ke neman fadamar rani shi zai fara shan wahala.

Mu ma a nan gida mun ga irinta. Tsibirin Lete a kogin Kwara, inda Fulani makiyaya ke zama, ya daɗe yana haddasa tsamin dangantaka tsakanin Nijar da Benin tun farkon shekarun 1960. Da Kotun Duniya ta bai wa Nijar shi a 2005, ba yawan shanu ta ƙirga ba. Ta duba wace hukuma ce ke gudanar da shi a zamanin Faransa, sai takardu suka nuna tsakanin 1914 da 1954 hukumomin Gaya ta ɓangaren Nijar ne, bisa fahimtar da aka yi cewa babbar hanyar jiragen ruwa ita ce iyaka.

A tafkin Chadi kuwa, lamarin ya fi haka tsauri. Ruwa ya ja baya, masunta da manoma daga Najeriya suka bi shi har suka kafa garuruwa irin su Darak, hukumomin Najeriya kuma suka biyo su da ayyukan mulki. Duk da haka a 2002 kotu ta ce wuraren na Kamaru ne, domin takardun Ingila da Faransa na 1919 da 1931 sun riga sun shata layin. Inda akwai rubutacciyar iyaka, ko aikin gwamnati bai isa ya ture ta ba, balle garma da sandar kiwo.

Abin da ke damuna shi ne makomar mutanen da aka kafa hujja da guminsu. A shari'ar Kasikili, alƙalai gaba ɗayansu sun yarda 'yan ƙasashen biyu da jiragensu su samu haƙƙi daidai a rassan kogin biyu, bisa alƙawarin da shugabanninsu suka yi a garin Kasane a 1992 cewa kamun kifi da zirga-zirga za su ci gaba. Wannan kariya ta ruwa ce. Gonakin da Masubia suka noma a kan tsibirin ba su samu irinta ba, alhali a kansu aka gina rabin shari'ar.