Rahama Sadau: Shekara Uku da Shiga Fim, Sai Kora

Rahama Ibrahim Sadau ba ta cika shekara 23 ba lokacin da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta ba da sanarwar korarta daga masana'antar finafinan Hausa. Farkon watan Oktoban 2016 ne. Laifinta shi ne fitowa a bidiyon waƙar wani mawaƙi mai suna ClassiQ, inda aka nuna su suna riƙe hannu suna rungumar juna. Bidiyon na 'yan mintoci ne, amma kafin mako ya zagayo maganar ta wuce Kano ta kai jaridun Ingila da Amurka. Mu ma nan garinmu Dayi, a shagunan cajin waya da tura fim, an daɗe ana musu a kanta.

An haife ta a Kaduna ranar 7 ga Disamban 1993, ta kuma tashi kamar dubban 'yan matan Arewa, da fim ɗin Indiya a cikin gida. Wannan sabo ya girme ta nesa ba kusa ba. Tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suke shigo da finafinan Indiya biranen Arewa, kuma lokacin da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa da Turmin Danya a 1990, ba a jima ba waƙa da rawa da soyayyar mutum uku suka zama jigonsa. Inda Rahama ta bambanta shi ne ita kallon bai tsaya mata a nishaɗi ba. Ta riƙa tsintar yaren Hindi har ta iya magana da shi, tana makaranta kuma tana shiga gasar rawa.

A 2013 ta shiga Kannywood ta hannun Ali Nuhu. Ta ɗan yi ƙananan fitowa, sannan aka ba ta babban matsayi a Gani Ga Wane tare da shi Ali Nuhun. Daga nan abin ya zo da sauri. Ta karɓi kambun gwarzuwar jaruma ta Kannywood a bikin City People na 2014, ta sake karɓa a 2015. Duk wanda ya kalli finafinanta na wancan lokaci ya san dalili: ba ta jin nauyin kyamara, kuma idan an ba ta magana tana faɗinta kamar daga bakinta ta fito, ba hadda ba. Masoyanta suka laƙaba mata Priyanka, sunan jarumar Indiyar da ta fi so.

Idan na tuna wannan tashi nata, jarumar Indiya Sridevi ce ke faɗo mini. Ita ma ba a Bombay ta fara ba. A masana'antar Tamil ta birnin Madras ta taso, tana ƙaramar yarinya, kuma shekararta 13 darakta K. Balachander ya ba ta jagorancin Moondru Mudichu a 1976, tsakanin Kamal Haasan da Rajinikanth. Da ta ƙetara zuwa finafinan Hindi ba ta iya yaren ba, sai da aka yi shekaru wata ce take ɗora mata murya. Wato ita ta isa Bombay babu yare, Rahama kuwa tana da yaren tun tana Kaduna, hanyar zuwa ce ba ta da ita. Wani bambancin ya fi wannan nauyi. Rawar da ta ɗaga Sridevi ita ce sana'arta a idon mutanenta, Rahama kuma tana aiki ne a masana'antar da ta ari rawar Indiya amma ta kafa mata iyaka: namiji da mace ba sa taɓa juna a fim ɗin Hausa, ko da miji da mata suka fito.

Wannan iyaka ta ƙetare, kuma ta san da ita. Ban ga laifin uban da ya ji zafi ba, domin 'ya'yansa ne ke kallo. Sai dai a duba shekarar da abin ya faru. A watan Yulin 2016 ɗin ne gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kano bayan malamai sun yi masa ca, ana cewa zai ɓata tarbiyya. Masana'antar tana cikin tsoro, tana neman hanyar nuna wa jama'a cewa tana iya hukunta nata. Sai ga bidiyo. Shi mawaƙin, da yake ba ɗan masana'antar ba ne, hukuncin bai shafe shi ba. Ita kaɗai ta ɗauka, kuma ba dakatarwar wata uku ko shida ba, kora ce. Ta fito ta ba da haƙuri, ba a janye ba. A ganina an yi mata tsanani, domin yarinyar da ta shekara uku kacal a sana'a, ta kuma amsa kuskurenta, gyara ya kamace ta.

Abin da ya biyo baya shi ne abin mamakin. A cikin watan da aka kore ta, tashar EbonyLife ta fara nuna shirin Sons of the Caliphate, wanda ta riga ta yi aikinsa da Turanci, ta fito a matsayin Binta Kutigi. Mawaƙi Akon da darakta Jeta Amata suka gayyace ta Amurka, ta je. A 2017, ita da aka ce ba ita ba fim ɗin Hausa, ta shirya nata mai suna Rariya a ƙarƙashin kamfaninta Sadau Pictures, kuma Ali Nuhu da Sadiq Sani Sadiq da Fati Washa duk suka fito a ciki. Ta shiga shirin MTV Shuga, ta fito a Up North da aka ɗauka a Bauchi a 2018. A tsakanin haka tana karatun digiri a jami'ar Eastern Mediterranean da ke arewacin tsibirin Cyprus, har ta kammala.

Duk da haka ba ta juya wa gida baya ba. Ta sake rubuta wa MOPPAN takardar neman afuwa a 2017, aka ɗage korar a 2018.

Indiyar kuma daga baya ta zo. A 2021 hotunanta suka bazu tare da jarumi Vidyut Jammwal a wurin ɗaukar Khuda Haafiz kashi na biyu, na darakta Faruk Kabir. Fitowar tata ba mai tsawo ba ce, kuma ba ita ce jarumar fim ɗin ba. An sake shi a gidajen siliman Indiya ranar 8 ga Yulin 2022, da sunanta a jerin 'yan wasa, tana da shekara 28.