Shagon da Ba Ya Rufuwa: Aiki, Hutu da Iyali a Wurin 'Yan Kasuwar Zangon Wagadugu

Maganar daidaita aiki da zaman gida, wato raba lokacin mutum tsakanin neman abinci da hutu da haƙƙin iyali yadda ɗaya ba zai cinye sauran ba, ta samo asali ne daga masana'antun Turai, inda ma'aikaci ke shiga da ƙararrawa ya fita da ƙararrawa. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 1919 ta ƙayyade aikin masana'anta a awa 8 a yini da awa 48 a mako, dokar ƙwadago ta Burkina Faso ta 2008 kuma ta tsayar da makon aiki a awa 40. Sai dai waɗannan dokoki suna kare mai albashi ne, wanda yake da ubangidan da za a iya kai ƙararsa. Ɗan kasuwar da shi ne ubangidan kansa babu jami'in da zai zo ya ce masa ya tashi haka nan, kuma irinsa ne suka fi yawa a Wagadugu, musamman a cikin Hausawan da kakanninsu suka kafa zango a birnin.

Zangon Wagadugu, wanda Mosawa ke kira Zangwetin, fatauci ne ya haife shi. Ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato yakan ratsa ƙasar Mosi ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata, ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja, ya komo da goro, a ƙarƙashin madugu wanda shi ke shirya hanya da biyan fito da sulhu da sarakunan da ake bi ta ƙasarsu. Waɗanda suka yada zango suka zauna su ne suka zama masu gida, kuma mai gida a harshen fatauci shi ne mai saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi. A irin wannan gida ba a san wani abu wai shi wurin aiki daban da wurin zama ba. Zaure shi ne rumbun ajiya, shi ne wurin ciniki, shi ne kuma inda ake shimfiɗa tabarma a ci tuwon dare tare da baƙi. A nan ake kwance huhun goro, a ware ganyen da aka naɗe shi, a bi shi ɗaya bayan ɗaya ana tsince wanda sankara ta taɓa don kada ya ɓata 'yan'uwansa, a yayyafa ruwa a sake ɗaurewa, alhali yaran gida suna zaune a gefe suna kallo, suna koyon sana'ar tun ba su san koyo suke ba.

Aikin ba kaɗan ba ne, kuma bai kamata a yi masa ado ba, domin bafatake kan yi watanni bai ga iyalinsa ba, nauyin kayan kuma a kan jakuna da bayi da 'yan alaro yake. Amma tsarin yana da birki a cikinsa. Damina tana tsayar da ayari, duhu yana tashin kasuwa, kiran salla yana yanka yini gida biyar, sannan mai gida ba shi kaɗai yake riƙe da komai ba, yana da yara da dillalai waɗanda ya ba amana, har yakan iya kwanciya jinya ciniki bai tsaya ba.

Shekarar 2003 ta karya abin da ya rage na wannan tsari ta fuska biyu. Ranar 27 ga Mayu gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai a Afrilun 2009, 'yan kasuwa suka watsu a ƙananan kasuwannin unguwanni da bakin tituna. A shekarar kuma aka shiga rushe Zangwetin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita saboda shirin gwamnati da ake kira ZACA, wanda manufarsa mayar da tsakiyar birni cibiyar ofisoshi da manyan shaguna. An tashi mutane kimanin 12,500 daga fili mai faɗin kimanin kadada 85, aka ba su filaye a wajen Waga 2000 ta kudu da Niyoko ta gabas. Abin da ba a sa a lissafin diyya ba shi ne lokaci. Mutumin da a da yake takawa da ƙafa daga zaurensa zuwa kasuwa da babban masallaci, ya dawo gida ya ci abincin rana da 'ya'yansa, sai ya wayi gari yana hawa babur da sanyin asuba, ba ya komowa sai bayan isha'i, yara sun yi barci. Maƙwabcin da ake bar wa shago a je jana'iza shi ma an jefa shi wata unguwa.

Daga baya wayar hannu ta cire sauran birkin. Da WhatsApp ake tura hoton atamfa da shadda, da Orange Money ake biya, direban da ya taso da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome ko Tema yana iya kira da tsakar dare ya ce an tsare shi a shinge, kuma mai kaya ba shi da zaɓi sai ya ɗauka. An ja ƙyauren shago an sa kwaɗo, amma cinikin ya biyo mai shi har kan gado.

'Yan kasuwa sukan ce wahala ba ta kisa, binciken likitoci kuwa ya nuna tana yi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa doguwar awar aiki ta yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a duniya a shekarar 2016, kuma mai aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya ɗara na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa da ciwon toshewar jijiyoyin zuciya kuma da kashi 17. Wanda ke buɗe shago ƙarfe 7 na safe ya rufe 8 na dare, kwana 7 a mako, ya kai awa 91, a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura maki 40. Hawan jini kuma ba ya sallama kafin ya shigo, mutum kan yi shekaru da shi bai sani ba in ba a auna shi ba.

Duk da haka, gaya wa irin wannan mutum ya rage awa kawai shawara ce da ba za ta kama ƙasa ba, domin abin da ya ɗaure shi a shago ya fi kwaɗayin riba zurfi. Farashin kaya da sunayen masu bashi duk a kansa suke, ba a takarda ba, kuɗin shago da na cefane kuma a aljihu ɗaya, don haka ko ya bar yaro a shago ba shi da hanyar sanin an cuce shi ko ba a cuce shi ba, sai zargi ya hana shi motsi. Maganin yana farawa ne daga littafin ciniki da ake rubuta shige da fice a kullum, da ware wa kai abin cefane sananne a wata, da ƙidayar kaya a ƙayyadadden lokaci. Da waɗannan ne amana ke samun abin tsayawa a kai. Haka nan tsohuwar al'adar yaye yaron shago, wato a sallame shi da jari bayan ya yi shekaru yana hidima, tana bukatar a faɗi sharaɗinta tun farko a gaban shaidu, saboda yaron da ya san ranar yayensa ya fi riƙe dukiya da gaskiya a kan wanda aka bari yana jiran tsammani.

Matan da ke sana'a a cikin gida, masu tuyar ƙosai da waina da masu sayar da turare da zannuwa, nasu ya fi tsanani, tunda su ba su da ƙyauren da za su ja, kuma sau da yawa hutun uwa ana sayensa ne da tallan 'yarta, wadda karatunta ke biyan kuɗin.

Akwai kuma abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Wanda ya rufe shi kaɗai, mai saye zai wuce shagon maƙwabcinsa, shi ya sa hutun ɗan kasuwa ya fi yiwuwa idan na jama'a ne. Ranar Juma'a shagunan Musulmi da dama sukan rufe lokaci guda a tafi masallaci, a dawo kowa ya tarar da masu sayen kayansa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da shugabannin layi, waɗanda suka saba sasanta rigimar rumfa da tara gudummawar biki da rasuwa, suna da ikon tsayar da lokacin tashi ɗaya ga layi gaba ɗaya, ko rabin yini a mako da za a riƙa karɓa-karɓa.