Ruwan kwakwa: Amfaninsa da iyakarsa ga mai amai da gudawa

Kwakwa ba ta tsiro a ƙasar Gobir. Wadda ake gani a kasuwannin Sabon Birni da Isa daga Kudu ake kawo ta, kuma ana yawan yaba ruwanta a matsayin maganin ƙishirwa da kasala. Yabon yana da tushe: kusan kashi 95 cikin 100 na ruwan kwakwa ruwa ne zalla, sauran kuma ɗan sukari ne da sinadarin fotashiyam mai taimakon tsoka da zuciya.

Sai dai mai amai da gudawa gishiri yake zubarwa da yawa, shi kuwa ruwan kwakwa gishirinsa bai kai abin da jiki ke buƙata ba. Wannan bambanci yana iya zama na rai da mutuwa a yankin da hare-haren 'yan bindiga suka raba dubban mutane da gidajensu, suka kuma sa hanyar asibiti ta zama abin tsoro. A 2021, kwalara ta kashe fiye da mutum 3,600 a Najeriya, kuma Sakkwato na cikin jihohin da ta shafa.

Abin da ya dace shi ne ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan kwakwa ƙari ne kawai a kansa. Masu ciwon ƙoda kuma su nemi shawarar likita kafin su sha, domin fotashiyam na iya taruwa a jininsu.