Jirgin Farko: Abin da Sabon Masunci Zai Duba Kafin Ya Biya

 Yau bakin ruwa za mu sauka. Zancenmu da matashin da ya tara 'yan kuɗinsa ne, yana son mallakar jirgin su na farko, a Yawuri yake, ko a madatsar Tiga, ko a fadamun Haɗeja da Nguru.

Sana'ar jirgi ta daɗe a ƙasar nan. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta Jihar Yobe ya ci karo da kwale-kwalen da masana suka ce ya kai shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita 8. Har yau abu ɗaya masassaƙi ke fara tambaya: a wane ruwa za a tuƙa shi?

Kai ma daga nan za ka fara. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsarsa a 1968, ruwa ne mai faɗi. Idan hadari ya taso, iska na tayar da igiyar da ke zubowa cikin ƙaramin jirgi, don haka can sai mai tsawo, mai tudun gefe. A fadama kuwa ruwan ba zurfi, ga kacala ta toshe hanyoyi, sai gajeren jirgi mara nauyi, mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda sanda kaɗai ta isa tura shi.

Sai maganar faɗi. Siririn jirgi ya fi gudu, ya fi daɗin filafili, amma ba ya yafe kuskure: ka ɗan karkata, ya kife. Mai faɗi yana da nawa, sai dai yana zama daram. Ɗan koyo ya ɗauki mai faɗi, gudu ya jira sai hannu ya faɗa. Wannan ya fi zama dole ga mai jefa birgi, tunda a tsaye ake jifa. Mai kalli ko mamari yana iya aiki a zaune, amma ya tuna jiƙaƙƙen taru ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba. Ka haɗa nauyinka, da na yaronka, da kayan aiki, da kifin da kake fatan samu, sannan ka tabbata gefen jirgin bai kusanci ruwa ba.

Ranar ciniki kada fenti ya ruɗe ka. Ka kife jirgin, ka ƙwanƙwasa gindinsa daga kai har ƙarshe. Itace mai lafiya amsawa yake da ƙarfi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji luf. Ka danna bakin wuƙa a inda katako ya haɗu da katako, in ta nutse cikin sauƙi, ka haƙura. Inda ka ga sabuwar kwalta an lafta, ka tambayi abin da ke ƙarƙashinta. Ka tambayi itacen ma: maɗaci yana da ƙarko, rimi ba nauyi amma ba ya daɗewa. Daga nan a saka shi a ruwa, ka shiga ka zauna, ka miƙe, ka jijjiga shi, ka duba inda yake yoyo. Mai jirgin da ya ƙi yarda a gwada ya riga ya ba ka amsa. Araha ba ta ado.

Wasu masu sauraro a birane sun ga ƙaramin jirgin roba da ake kira kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne mazauna yankin ƙanƙara na Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, waɗanda ke yin sa da fatar dabbobin teku don farauta. Na roban yana da kyau ga mai fatsa shi kaɗai a kwantaccen ruwa, musamman buɗaɗɗen da ake zama a samansa, mai kafofin da ruwa ke tsiyayewa. Amma ba jirgin taru ba ne.

Kowanne ka zaɓa, kada kuɗinka su ƙare a kan jirgin. Ka rage na rigar kariya, da filafili na biyu, da kwanon kwarfe ruwa. Kafin ka fara fita, ka je ka gai da Sarkin Ruwa, ka bi dattijon da ya san inda dorina take da inda kututture ke ɓoye, ka kuma guji fitar dare.

Malam sabon masunci, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka koyi iyo tukuna, ka sa rigarka kullum, sannan ka nemi giwan ruwa. Allah Ya ba da sa'a, Ya tsare.