Abin Da Ke Hana Mota Tashi In Ta Yi Zafi

Duk wanda ya saba bin hanyar Funtua zuwa Malumfashi da bazara ya san wannan abu. Direba ya tsaya a Bakori ya sauke fasinja, ya kashe mota ya tafi salla. Bayan minti goma ya dawo ya murɗa makulli, mota ta ce ba ta san zancen ba, alhali kuwa da asuba bugu ɗaya ta tashi. Sai ka ji ana cewa, "Jama'a, a taimaka a tura!" In buhunan masara ne a ciki, da sauƙi. In kuwa tumatir ne aka ɗauko daga Ɗanja, ko mai naƙuda za a kai asibiti, to, abin ya wuce wasa.

Ina yin hutuna a garejin kawuna a Funtua, ina miƙa sifana. Abin da na gani can, da abin da ake koya mana a darasin kimiyya, su zan haɗa in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayani.

Da farko, mutane da yawa suna tsammani da an kashe mota sai ta fara hucewa. Ba haka ba ne. Da inji ya tsaya, famfon da ke zagaya da ruwa ya tsaya, iskar da ke shiga ta lagireto ita ma ta yanke. Zafin da ke cikin ƙarfe ya rasa hanyar fita, sai ya bi kayan da ke jikin inji. Saboda haka a 'yan mintocin nan wajen ya fi zafi bisa lokacin da ake tafiya. Ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa, amma wani sashe na fetur yakan fara zama tururi tun wajen digiri 40. A watan Afrilu kuwa ranarmu kaɗai ta kusa kai wa nan.

Kawu ba ya taɓa sifana sai ya saurara. Yakan ce mini, "Kai yaro, kunne da hanci tukuna." In aka murɗa makulli aka ji inji yana juyawa da ƙyar, kamar tsohon jaki, to, a dubi batir da sitata. Wayar tagulla in ta yi zafi ba ta barin wuta ta wuce sosai kamar da sanyi. In kan batir ya yi datti, ko wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota ta yi sako-sako, ɗan abin da ya rage ba zai ishi sitata ba. Sau da yawa kankare kan batir da ɗaure shi tamau shi ke nan maganin.

Amma galibi inji yana juyawa garau, kamawa ce ba ya yi. Nan hanci yake aiki. Tsofaffin Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka haɗa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975, kafireto gare su, wato ɗan tukunyar da ke gauraya fetur da iska. In zafi ya tafasa fetur ɗin da ke ciki, yakan malala cikin inji, mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Za ka ji warin fetur ya cika wuri. A nan ne direbobi ke ƙara wa kansu wahala, suna ta buga totur, ko su ja cok. Abin da ya kamata shi ne a taka totur har ƙasa a riƙe shi nan, a murɗa makulli kamar daƙiƙa goma, iska ta share man. In ba ta kama ba a dakata kaɗan a sake, kada sitata ta ƙone.

In kuwa babu wari, kafireto ya bushe, to, tururi ne ya tsaya a bututun mai. Famfon mai na irin motocin nan a jikin inji yake, an kuwa yi shi don ruwa ne, ba ya iya tura tururi. A ɗaga bonet, a jiƙa tsumma a ɗora kan famfon. In ta tashi, an gano ciwon. Gyaran ƙwarai shi ne a janye bututun daga wurin zafi, a kuma duba ko lagireto ya toshe ko fambel ya saki. Kada dai a sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi, ƙarfe yana iya tsagewa. Buɗe murfin lagireto a lokacin kuwa neman ƙuna ne. Masu ɗura fetur a bakin kafireto ana murɗa makulli, ni a ganina gobara suke kira.

Saura wuta. Kwayil in ya tsufa yakan yi aiki da sanyi, ya yanke da zafi. Bakanike zai cire wayar fulogi ya gwada ko tartsatsi na fita, nesa da fetur.

Motocin da suka zo daga baya, irin su Golf masu injekta, ba su da kafireto. Famfonsu na lantarki ne, yawanci a cikin tanki. In ya daina riƙe ƙarfin mai bayan an kashe mota, sai tururi ya cika bututu. A buɗe makulli ba tare da an tayar ba, a saurari kukan famfo, a rufe, a yi haka sau uku. In ta tashi, wajen mai ne. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ke shaida wa kwamfutar mota cewa inji yana juyawa. Ita ma in ta lalace takan yi shiru da zafi, bayan rabin awa ta dawo kamar ba ita ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mai mota ya kawo ta gareji da sassafe, a murɗa ta tashi, a ce lafiyarta lau, ko a sa shi ya sayi sabon batir da kuɗin takinsa. Kawu ba ya yin haka. Yakan ce a zagaya da ita ta yi zafi sosai, a kashe a bakin gareji, a jira minti goma, sa'an nan a gwada yana tsaye a wurin.